Ɗiyar maƙwabciyata 'yar sankyam na da ciki, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya abin ga ya hana ni kwana. Akwai wata yarinya a layinmu nan Bagalam cikin garin Maradi, ba zan faɗi sunanta ba kuma dan Allah kar wanda ya biyo ni gefe da tambaya. Shekarunta 14, tana sankyam, aji na biyu na kolej. Gabana anka haife ta, ran sunanta ni na kwana ina tuƙa tuwo. Uwarta tuyar awara take, in yarinyar ta taso lakol sai ta ɗauki roba ta nufi tasha, ba ta dawowa sai bayan isha. Jiya da marece na shiga gidansu aron rariya, na iske ta bakin murhu da hijabi har ƙasa cikin zafin ga, ta miƙe za ta ba ni kujera sai idona ya sauka ga ƙafafunta, sun kumbura har igiyar silifas ta nutse cikin nama. Na dubi uwar, uwar ta duƙar da kai ta kama kuka. Ciki ne, ya kai wata bakwai, ko sau guda ba a kai ta awo ba don kunya. Uban na Aljeriya wajen bida bai san komi ba. Wanda ya yi abin magidanci ne mai shago, da matarshi da ɗiyanshi, shi ke saye awarar duka ya ce mata zauna ki huta. Yanzu ya ce bai san zancen ba. Mi za mu yi? Wallahi kaina ya ɗaure.

Alhajin Sabon Gari: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ga irinta nan. Mu da munka ce in ɗiya ta fara ganin wata a kai ta ɗakinta, ce mana aka yi ba mu waye ba. Da an yi mata arme tun bara da yau cikin nan abin guɗa ne ba abin kuka ba. Boko boko, ga inda ya kai mu.

Anti Sajfam: Alhaji zan dawo gare ka amma bari in fara da abin gaggawa. Maman Biyu yaya, kar ku bari gobe ta wuce ba ku kai ta likita ba. Ƙaramar yarinya, cikin fari, ga kumburi, abu na farko da za a duba tansiyo ne, wato awon hawan jini, da fitsari. Ki tambaye ta yanzu yanzu ko kanta na sara, ko tana gani dishi-dishi, ko tana jin ciwo nan saman ciki wajen ƙahon zuciya, ki duba fuska da yatsun hannu ko su ma sun cika. In akwai ko guda daga ciki to ba zancen gobe ba ne, ku tashi daren ga. Jijjiga haka take sallama, kuma ba iskoki ba ne kamar yadda ake cewa a tsaya ana hayaƙi da turare, jini ne ya hau, tana kashe uwa ta kashe ɗa. Awo kyauta ne a likitocin gwamnati tun 2006, tiyatar fidda jariri ma kyauta ce, illa dai wani lokaci magani kan yanke a rubuta maku ordinas, takardar sayen magani, ku riƙe 'yan kuɗi a hannu. Za a ba ta ƙwayar ƙarin jini, da maganin kariya daga masassarar sauro, a yi mata piki. Wata bakwai ba ƙwayar jini ko ɗaya, ga talla ga rashin ci, ina tsoron jininta.

Maman Biyu: Na gode anti. Uwar ce ke cewa in sun je za a tambayi sunan miji gaban mutane a yi masu dariya.

Anti Sajfam: Ki raka su ke da kanki. Ba zan yi maki ƙarya ba, a cikinmu akwai masu baki, na sha jin ana ce ma irin yaran nan "da kina jin daɗinki mun sani?" kuma abin na ƙona mini rai. Amma gori ba ya kisa, jijjiga na yi. Karne dai, wato katin awo, za a buɗe mata, ba sai da miji ba.

Mai Kabu-kabu: Ni dai abin da idona ke gani nike faɗi. Ku zo tasha ƙarfe goma na dare ku gani, yara mata 'yan 11, 12, 13 da tire bisa kai suna bin motoci da shaguna, wata ta yi kwana zaune. Na taɓa ɗaukar wata tana kuka wai kuɗin cinikinta sun ɓace, jikka guda da 'yan kai, ta ce in ta koma gida babu su inna za ta kashe ta. To yarinyar da ke tsoron gida haka, in wani ƙato ya ce zo in cika maki mi kuke zato? Ni na cika mata na kai ta har ƙofa amma ba kullum za ta gamu da ni ba.

Anti Sajfam: To Alhaji, da girmanka, in dawo ga maganarka. Ƙugu bai san an ɗaura aure ba. Jikin 'yar shekara 14 ɗaya ne ko da goro ko ba goro. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa, yaran da ke zo mana rai ga Allah mafi yawansu da igiyar aure bisa kansu, da uwar miji riƙe da kwanon kunu. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin mata 100 a Nijar 76 an yi masu aure kafin su kai 18, 28 kafin ma su kai 15, kuma jihar Maradi ce gaba, wajen 89. Binciken nan dai ya ce cikin 'yan mata masu 15 zuwa 19, 40 cikin 100 sun haihu ko suna da ciki. Waɗannan ba 'yan tasha ba ne Alhaji, amare ne. Mu in an ce cikin ƙuruciya sai hankalinmu ya tafi ga cikin shege kawai don shi ke da kunya, wanda ke cika mana gadaje kuwa ba mai zancenshi don an yi mai biki.

Alhajin Sabon Gari: Ɗiyata, uwata tana da 13 anka kawo ta gidanmu, mu tara ta haifa, ta rayu har ta ga jikokin jikoki. Mutuwa da rayuwa na Allah ne.

Anti Sajfam: Allah ya jiƙan Hajiya. Na Allah ne ba musu. Amma da za ka tambayi tsofaffin gidanku sa'o'inta nawa sunka tafi wajen haihuwar fari da sun lissafa maka. Waɗanda sunka tsira su ke ba da labari.

'Yar Madarunfa: Na daɗe ina karantawa ban so in sa baki ba amma maganar Baba Alhaji ta taɓa ni. Baba ni ce amaryar da kake faɗi. Ina da 14 anka kai ni, ban san komi ba, 'yar tsanata ma na tafi da ita cikin kwalla. Shekara na zagayowa ciki. Naƙuda ta kama ni ran laraba da dare, ana cewa ki yi haƙuri haka fari yake, kar ki yi kuka abin kunya ne, ana ba ni rubutu da jiƙo, ungozoma na danna mini ciki. Sai ran asabar da sunka ga na daina magana sannan anka ɗora ni bisa amalanke, damana ce hanya duk ruwa. Ɗan ya riga ya mutu, namiji, ban ma gan shi ba. Bayan kwana kaɗan na tashi na ji tabarma jiƙe, na ɗauka jini ne ashe fitsari ne, yana zuba ba ya tsayawa dare da rana. Ƙafata guda ma ja nike. Wanda bai yi yoyon fitsari ba bai san mi ake ce ma kaɗaici ba, cinyoyi su yi gyambo, ka daina shan ruwa don kar ya zuba sai warin ya ƙaru, ba ka zuwa biki ba ka zuwa suna, salla ma kana shakkar ta. Mijin bai ce ya sake ni ba, ya dai ce in je gida in warke, har yau bai biyo sawu ba. Shekara huɗu ina haka kafin wata gwaggona ta ji labarin asibitin Danja, nan kan hanyar Dan Isa, can anka yi mini aiki ba a karɓi ko dala ba. Alhamdulillahi na bushe. Amma an ce in zan sake haihuwa sai dai tiyata. Ba cikin shege na yi ba Baba, na sunna ne.

Maman Biyu: Allahu akbar. Ƙanwata Allah ya saka maki, wallahi hawaye nike.

Alhajin Sabon Gari: Allah ya ba ki lada ɗiyata, ya sa kaffara ne. Ban ji daɗin abin da ya same ki ba. Amma ku ma ku fahimce mu, uba ba mugunta ke sa shi ba, tsoro ne. Ka ga ɗiya ta girma gabanka, gari ya lalace, ba ka da abin ciyar da ita, ga abin da ya samu wagga ta Bagalam. Ka bar ta ta jawo maka abin da har ka mutu ana nuna gidanka?

Anti Sajfam: Abin da ya same ta kuwa ga yadda yake, don masu cewa maita ce ko sammu. Kan ɗa ya sauko ya tarar da ƙashi bai buɗe ba, sai ya tsaya yana matse mafitsara da ƙashi kwana biyu kwana uku, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya zube ya bar rami. Asibitin yoyon fitsari na Danja tun 2012 yake aiki, duk mai 'yar uwa da ke ɓoye a ɗaki ya gaya mata ana gyarawa. Kuma ko an tsira daga wannan, yaran da yara ke haifa sun fi zuwa bakwaini ko ba nauyi, uwar ba ta gama girma ba ana rabon abinci tsakaninta da ɗan ciki, nono ya yi ƙaranci, bayan 'yan watanni a gan su layin tamowa.

Mushe na Tibiri: Alhaji tsoronka gaskiya ne ban raina shi ba, amma ka lura ba lakol ta yi ma yarinyar ga ciki ba, tasha ce. Da rana tana gabanmu, ƙarfe tara na dare tana gaban mai shago. Ni shekara 16 ina riƙe da alli. A sizyam, ajin farko na kolej, 'yan mata cike da aji har bisa tabarma, kafin turwazyam, ajin ƙarshe, sai ka ƙirga su da yatsu. Waɗanda sunka fi ba ni tausai na ƙauye ne, ƙauyensu ba kolej, sai a kawo yarinya gari a aje ta gidan wani ɗan uwa na nesa, ta zama 'yar aiki, ba kalaci ba kuɗin sabulu, ba ko ƙyallen da za ta tsare kanta in wata ya zo. Duk wanda ya miƙa mata dala ashirin ta sayi biredi ya zama mai ceto. Shi ya sa lokacin da Bazoum ya fara gina makarantun kwana na 'yan mata, ta Kelle cikin jihar Damagaram a 2021, na ce an taɓo wurin da ke ciwo. Kuma in faɗi gaskiya ko da a kanmu ne, cikin masu riƙe alli ma akwai ɓata gari masu sayar da maki, mun san ana yi, ana rufewa da canjin wurin aiki.

Maman Biyu: Mushe to karatunta shi kenan? Kanta na ja wallahi, ita ke duba ma tagwayena lissafi.

Mushe na Tibiri: A'a hajiya. A da korar su ake, amma a disamba 2017 gwamnati ta fidda dokar kare karatun ɗiya mace, a 2019 kuma anka ƙara da takardar da ta ce mai ciki ko mai aure tana iya ci gaba, in ta haihu ta dawo aji. Matsalar ba takarda ba ce yanzu, bakin mutane ne, 'yan aji su yi ta waƙe ta har ta gudu da kanta. Ku je ku ga darakta a asirce da takardar likita a aje mata gurbinta, in ta sauka lafiya a nema mata wata makaranta a wata unguwa inda ba a san ta ba.

Ɗan Fada: Ni abin da ke ci mini rai kullum in irin wannan ta faru sai a ce samarin fada, samarin fada. Mu shayi muke sha, wani ma sikari gagararshi yake. Ku duba wanda ya yi wannan, magidanci ne, ƙila ma sahun gaba yake salla. Duk sama an yi ta magana kan yarinya da uwarta da lakol, ba wanda ya ce a kama shi. Shi gobe zai buɗe shagonshi a ce mai Alhaji ina kwana, ita kuwa an gama da ita har ƙannenta sai sun sha gori ranar neman aurensu. Ban ce mu waliyyai ba ne, salula ta ɓata da yawa cikinmu, yaro ɗan 15 na kallon abin da kakanshi bai taɓa gani ba. Amma aure ma da kuke cewa a yi, da mi? Sadaki, akwatuna, salula ta amarya, kuɗin kaza kuɗin kaza, saurayi ya kai talatin bai tara ba.

Mai Kabu-kabu: Ɗan fada ka faɗi gaskiya. Kuma tallar nan ma rabi don kayan ɗaki ake yin ta, gado da katifa da kwanoni jere har rufi don kar kishiyar uwa ta yi dariya. A tara kayan ɗaki a rasa mai shiga ɗakin.

Maman Biyu: Kar ku ɗora ma uwar duka dan Allah. Miji ya yi shekara biyu bai aiko ba sai jefi jefi, yara shidda, haya, in ba ta soya ba ba a ci. Na ga ranar da sunka kwana da ruwan zafi da garin rogo. Laifinta da na gani guda ne, wanda duk muna da shi, ba ta taɓa zaunar da ɗiyar ta gaya mata komi ba. Da na tambayi yarinyar ta ce ita ba ta san haka ake samun ciki ba, da jinin ya ɗauke ma murna ta yi. Ɗiyar fari ce, uwar ko sunanta ba ta faɗi bare wannan zance. Kunyar ga tamu ta yi yawa.

Malamin Zaure: Bismillah. Na ga an kawo addini, bari in ce wani abu kaɗan. Na farko abin da ke cikin cikin nan ba shi da laifi, Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Kar a ba ta jiƙe-jiƙe don ya zube, a wata bakwai kisan kai ne kuma ita ma tana iya tafiya, kar kuma a kai ga abin da muke ji na yar da jinjiri a kwata ko masai, duk tsoron bakin mutane ke kawo shi. Na biyu masu cewa a ɗaura masu aure da gaggawa a rufe, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗaura aure bisa ciki, sai ta haihu. Na uku Alhaji ɗan uwana, aure halal ne amma ba a ce dole sai a shekara kaza ba, kuma ƙa'ida ce babu cuta babu cutarwa. In masana jiki sun ce ga cuta, uba na da damar jinkirtawa. Kiwon da Allah ya ba mu ya haɗa da hana ta yawon dare, ya haɗa da ciyar da ita. Mu malamai ma mun fi tsawata ma ɗiya mace bisa mumbari, namijin da ya ɓata ta ba mu cika ambatonshi ba, wannan gyara ne a kanmu.

Alhajin Sabon Gari: Na ji malam. Ni dai har gobe ina ganin ɗaki ya fi titi. Amma batun mutumen ga ina tare da yaron fada, a kai shi gaba. Dattawan unguwa su kira shi, in ya ƙi a wuce komisariya.

Mushe na Tibiri: A wuce kawai Alhaji. Zaman dattawa yawanci da 'yan jikkuna yake ƙarewa a ce a rufa asiri, bayan wata shidda ya samu wata mai tire. 'Yan sanda na da sashen kula da yara, kotu na da alƙalin yara, lalata da ƙaramar yarinya laifi ne a doka. Ita kanta dokar ƙasa da ta sa shekarun aure 15 ga mace 18 ga namiji, wagga ko 15 ɗin ba ta kai ba.

Anti Sajfam: Duk ku yi amma bayan an auna ta. Maman Biyu kin tambaye ta ciwon kan?

Maman Biyu: Yanzu na fito daga gidan. Ta ce kwana uku kanta na sara, in ta duƙa tana ganin taurari, zoben azurfar da ke hannunta ma ya ƙi fita. Na kira mai adaidaita muna tafiya yanzu, na ce ma uwar ta sa hijabi ko ta zo ko in tafi da ita ni kaɗai.

Mai Kabu-kabu: Allah ya sa a dace. In ana bukatar jini ku faɗa, ina badawa, zan zo da abokaina biyu.

'Yar Madarunfa: Yaya ki riƙe mata hannu in ana duba ta, ki yi ta yi mata magana. Ni abin da na rasa kenan ranar.

Maman Biyu: Salamu alaikum, ku yi haƙuri sai yanzu da asuba na samu kaina. Tansiyonta 16 da 11, sun riƙe ta, sun sa mata ruwa da piki, sun ce da mun ƙara kwana biyu da wani labari ake. Jininta ma ya yi ƙasa ƙwarai, mai kabu-kabu ka shirya ƙila a neme ku yau. An sa abin saurare mun ji zuciyar ɗan na bugawa, yarinyar ta juya fuska bango tana hawaye ba ta ce komi ba. Saura uban. Uwar ta ce ita ba ta iya gaya mai, tana tsoron saki ta salula. Malam ko za ka taimaka ka yi mai magana, yana jin nauyin malamai.

Malamin Zaure: Zan yi in sha Allah. Ki turo yaro ya same ni masallaci bayan azahar ya kai ni gidan, in fara ganin uwar in ji halin mutumen kafin mu kira shi.